Yadda Ake Sa Kifin Enjel Ya Yi Ƙwai a Gida, da Rainon Ƙwan Har Ya Zama Kifi

Shekarata bakwai ke nan ina kiwon kifin adon nan enjel a gidana da ke Agege, kuma kukan da 'yan'uwa suka fi kawo mini iri ɗaya ne: "Malam, kifina ya yi ƙwai, amma kafin kwana biyu duk sun yi fari fat." Wani kuma ya ce ya kwanta da ƙwai ɗari uku, ya wayi gari babu ko ɗaya. In ka bi diddigi, da wuya dalilin ya wuce ruwan da ya tsaya cik bayan an ɗauke wuta, ko dattin da ya taru a gindin tanki, ko kuma hannun mai kifin da ya kasa haƙuri. Enjel ba ya wahalar yin ƙwai a Legas. Kwana bakwai ɗin da ke tsakanin saka ƙwai da tashin 'ya'ya su yi iyo, nan ne aikin yake, kuma nan zan fi daɗewa.

Abu kaɗan ya kamata ka sani game da asalinsa. Daga kogin Amazon da rassansa ya fito, a ƙasashen Burazil da Peru da Kolombiya, sunansa a wurin masana Pterophyllum scalare. Dangi ɗaya suke da karfasar da muke ci, shi ya sa yake gadin ƙwansa yana faɗa a kai kamar yadda karfasa ke yi. Ruwan da ya saba da shi mai ɗumi ne, marar gishiri, mai gudu a hankali. Zafin da yake so domin haihuwa digiri 27 zuwa 29 ne, wato abin da mutanen Turai ke ƙona lantarki su samu, mu Allah ya ba mu shi kyauta mafi yawan shekara.

Kayan da za ka tanada

Tankin ma'aurata: na gilashi, tsawo santimita 60, faɗi 40, tsayi 45. Wannan yana cin lita 100 da 'yan kai. Tsayin ne bai kamata ka rage ba, domin babban enjel daga ƙarshen fiffiken sama zuwa na ƙasa yana kai santimita 20. In masu yankan gilashi za ka ba su haɗa maka, ka ce gilashi mai kaurin milimita 6, kuma ka tsaya ka ga irin silikon ɗin da za su liƙa da shi. Akwai wanda ake yi don banɗaki da kicin, an zuba masa maganin fumfuna a ciki, wannan guba ne ga kifi. Gindin tankin a bar shi haka, babu yashi babu tsakuwa, don ka riƙa ganin kowane ɗigon datti.

Famfon iska guda biyu. Ɗaya na lantarki, ɗaya kuma mai batir ko ƙaramin nan da ake jonawa a fawa bank ɗin waya. In kuɗinka na ɗaya ne kawai, sayi mai batir. Ko kwabo ban yarda ka rage a nan ba.

Sai matatar soso, wato soson nan da iska ke jan ruwa ta cikinsa, da dutsen iska, wato ɗan dutsen da ake jonawa a bakin tiyo yana fitar da kumfar iska a ruwa, da siririn tiyo kamar mita uku. Kada ka sa matata mai injin tsotso, tana haɗiye 'ya'yan kifi.

Gutsuren tayil mai faɗin santimita 10 da tsawon 25 zuwa 30, baƙi ko mai duhu don ƙwai su fito fili a ido. Duk inda ake gini za ka samu a yashe. In babu, bututun roba na masu aikin famfo yana yi, a yanka a tsayar.

Kwalba ko roba mai haske da ake ganin ciki, mai cin lita 5 zuwa 10. Ma'aunin zafin ruwa. Sirinji marar allura. Shuɗin maganin nan metilin bulu mai hana ƙwai fumfuna, ana samu a wurin masu kifin ado da masu kayan ɗakin gwaji. Gwangwani ko awon ƙwan atimiya, wasu mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri da ake ƙyanƙyasa a ba 'ya'yan kifi su ci. Duro mai murfi na ajiye ruwa. Sai bokiti sabo dal wanda ba a taɓa zuba masa sabulu ba, ka rubuta masa suna, ka kuma roƙi mutanen gida kada a ɗauke shi wanki.

Hita, wato na'urar ɗumama ruwan tanki, ba dole ba ce, sai in ɗakinka na da na'urar sanyaya ɗaki, ko a tsakiyar damina wajen Yuli da Agusta da kuma kwanakin hunturu, lokacin da ruwan tanki ke sauka zuwa 24 ko 25 da dare.

Mataki na 1: Gyara ruwa

Legas ba ruwa ɗaya gare ta ba. Na burtsatsen Agege dabam, na Ikorodu dabam, na ɓangaren Lekki da Ajah kuma sau da yawa yana zuwa da ja-ja na ƙarfe ko ɗanɗanon gishiri. Wanda yake saye a wurin mai ruwa ya tambaye shi inda yake ɗebowa, kuma ya tsaya a wuri ɗaya, domin sauyin ruwa kwatsam ya fi ruwa marar kyau kaɗan illa.

Kowane iri ne, zuba shi a duro, jefa dutsen iska a ciki, ka bar shi kwana biyu. In na famfon gwamnati ne, kulorin zai fice. In na burtsatse ne mai ƙarfe, za ka ga jan ya kwanta a ƙasa, sai ka ɗebi na sama. In kana da abin gwajin pH, wato awon tsamin ruwa, nemi tsakanin 6.5 da 7.2. In ba ka da shi, ka duba laushi ko nauyin ruwan kawai, ɗebi kaɗan a wani kwano dabam ka gwada da sabulu: ruwan da ke kumfa nan da nan mai laushi ne, ƙwai na son sa, wanda kuwa sabulu ke wahala a ciki yana da nauyi. Ruwa mai nauyi ko mai gishiri-gishiri a sirka shi rabi da rabi da ruwan sama, amma ban da ruwan farko da ya wanke kwanon rufi. A rani fiya wata na iya maye gurbi a kwalbar ƙwai, tun da lita kaɗan ce.

Matatar soso kuma tana bukatar ta "nuna". Ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke zama a cikinta suna cinye amoniyar da ke fitowa daga kashin kifi, kuma sai sun yi sati uku zuwa huɗu kafin su yawaita. Hanya mafi sauri ita ce ka sa sabon soson ya yi wata guda a tankin da ke da kifi. Ranar wanke shi, a matse shi cikin ruwan da aka zuƙo daga tanki, ban da ƙarƙashin famfo.

Mataki na 2: Bar su su zaɓi juna

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya je shago ya ce a ba shi "mace da namiji", a kamo masa manya biyu. Enjel ba a gane jinsinsa da tabbaci sai dab da saka ƙwai. Zancen ƙullutun goshi na namiji wani lokaci ya yi daidai, wani lokaci ya yaudare ka. Ko an dace da jinsin ma, ba lalle su so juna ba, sai ka tarar ɗaya ya takure ɗaya a lungu ya yayyage masa fiffike.

Sayi ƙanana shida zuwa takwas, ka raine su tare a babban tanki. A cikin shida da wuya ƙwarai a ce duk jinsi ɗaya ne. Mai farawa ya ɗauki mai launin azurfa da ratsin baƙi, ko mai dabbare-dabbare, ko ruwan zinare. Baƙi wuluk da masu doguwar jela suna da kyau a ido, amma 'ya'yansu sun fi rauni, ka bar su sai hannunka ya faɗa.

Daga wata takwas zuwa shekara guda za ka ga biyu sun ware. Tare suke iyo, sun kama kusurwa ɗaya, duk wanda ya matso su kore shi. Wani lokaci su kama bakin juna suna ja kamar masu kokawa, wannan ba abin tsoro ba ne in bai kai ga rauni ba. Waɗannan biyun za ka kwashe zuwa tankin ma'aurata, ka jingina tayil ɗin a jikin gilashi a ɗan karkace. Ajiye tankin inda ba a yawan wucewa, ka liƙa kwali a bayansa da gefe biyu.

Mataki na 3: Ciyarwar da ke kawo ƙwai

Busasshen abincin gwangwani kaɗai yana riƙe rai, amma ƙwan da yake kawowa kaɗan ne. Sati biyu kafin ka sa rai, ƙara musu abinci mai rai ko ɗanye sau biyu zuwa uku a rana. Tsutsar sauro ba ta da na biyu, ka ɗebo daga ruwa mai tsabta da ka ajiye da kanka, ban da ta kwata, kuma ka ba su duka kada ka bari ta zama sauro a gida. Ɗanyen jatan lande da aka ɓare aka daddatsa yana yi. Ni nakan sayo zuciyar saniya a mayankar Oko-Oba, in cire kitse da jijiya tas, in niƙa, in shimfiɗa a leda in daskarar, kullum in ɓalli kamar ƙwayar gyaɗa. Abin da ba su cinye cikin minti uku ba, zuƙe shi da tiyo, musamman naman, don yana ɓata ruwa da wuri.

Kowane kwana biyu ko uku ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Sau da yawa washegarin canjin ruwa ne suke sakin ƙwai.

Mataki na 4: Ranar ƙwai

Alama ta farko, za ka ga su biyun suna ta gogar tayil da baki, su tsinci wannan su tofar, kwana ɗaya ko biyu suna abu ɗaya. Sai ka duba ƙarƙashin cikinsu, gaban fiffiken ƙasa. Wani ɗan bututu zai leƙo. Na mace kauri gare shi, bakinsa a daƙushe. Na namiji siriri ne mai tsini kamar bakin fensir. Yau ce ranar da za ka san waye waye.

Nawa sun fi yi tsakanin La'asar da Magariba. Macen za ta faro daga ƙasan tayil, cikinta na gogar sa, ta haura sama a hankali tana jera ƙwai layi ɗaya kamar mai zuba iri a kunya. Tana kaucewa namijin ya bi sawunta, ya bi ta kan layin yana barbara. Haka za su yi ta yi, awa ɗaya ko biyu. Sabuwar uwa takan yi ɗari ko ɗari biyu, babba mai ƙoshi ta haura ɗari biyar. Ƙwan ƙanana ne kamar gero, launin ruwan zuma mai haske.

A wannan lokacin ka zauna nesa. Kada ka haska fitilar waya, kada ka kira maƙwabta kallo. Ka kuma rage ƙarfin iska kaɗan don kada guguwar ruwa ta kwashe maniyyin namijin kafin ya isa ƙwan. Abu ɗaya za ka lura da shi daga inda kake: shin na biyun yana bin layin, ko shi ma ƙwai yake zubawa? Mata biyu sukan haɗu su yi kamar ma'aurata, su cika tayil da ƙwai, duka kuma su yi fari. Haka nan in ƙwai sun yi fari kaf sau uku a jere alhali ruwa lafiya lau, ka zargi namijin, ko bai balaga ba ko ba ya haihuwa.

Mataki na 5: Iyaye za su raina ko kai?

In ka bar wa iyaye, su ne famfo su ne magani. Suna karɓa-karɓa wurin yi wa ƙwan fifita da fiffiken ƙirji, duk wanda ya lalace su tsince shi da baki. Ko an ɗauke wuta fifitarsu ba ta tsayawa, wannan kuwa babbar riba ce a garin nan. Matsalar ita ce sababbin iyaye sukan cinye ƙwansu, sau uku, sau huɗu, kafin su koya. Wasu ba sa koya har abada. Tsoro ne ya fi sa su haka: bugun ƙofa, yaro ya ƙwanƙwasa gilashi, ko a kunna fitila farat ɗaya cikin duhu. Bar musu 'yar fitila mai rauni ta kwana a kunne, irin mai caji, don kada duhu da haske su riƙa yi musu bazata.

Wata safiya ɗana ya shigo da gudu yana cewa, "Abba, zo ka gani, tana cinye 'ya'yanta!" Na je na durƙusa. Uwar ce ke ɗaukar 'yan da suka ƙyanƙyashe uku-uku a baki, ta kai su jikin soso ta tofa, su manne a can suna kaɗa jela, uban na tsaye yana gadi, wanda ya faɗo ƙasa ya bi shi ya ɗauko. Ƙaura suke yi musu zuwa wuri mai tsabta. Da na sa hannu a ranar don in "cece" su, da na ɓata komai. Wanda ya ga wannan sau ɗaya zai gane dalilin da ya sa nake ba kowane sababbin ma'aurata dama har sau huɗu kafin in fara karɓe ƙwansu.

In sun ci gaba da ci, ko kana son yawa don sayarwa, sai mataki na gaba.

Mataki na 6: Raino a kwalba

Jira awa ɗaya zuwa biyu bayan namijin ya daina bin ƙwan. Cika kwalbar da ruwan tankin iyayen kansa, domin zafi da ɗanɗano su zama ɗaya. Wanke hannunka da ruwa zalla, babu sabulu babu mai babu turare. Iyayen za su kai maka cizo, ba ya ciwo, kada ka firgita ka saki tayil. Ɗaga shi ka sa a kwalba cikin daƙiƙa kaɗan. In za ka iya nutsa roba a tankin ka ɗauko shi cikin ruwa ba tare da ya sha iska ba, ya fi.

Jingina tayil ɗin yadda ƙwan ke kallon gefe ko ɗan ƙasa, don datti kada ya sauka a kansu. Sa dutsen iska a gindinsa, nesa da ƙwan kamar yatsu biyu. Kumfar ta riƙa wucewa ta gabansu tana jan ruwa, amma kada ta doke su. Aikin fifitar uwa kake kwaikwayo, don haka iska matsakaiciya.

Ɗiga metilin bulu har ruwan ya yi shuɗi sosai amma kana iya hango ƙwan. Na ce ka bi launi saboda ƙarfin maganin ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Kada ka sa matatar soso a nan, maganin yana kashe ƙwayoyin da ke cikinta. In ba ka samu metilin bulu ba, haidirojin da ake wanke ciwo da shi yana yi: mililita 1 na mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari a kowace lita 4, safe da yamma, a daina da zarar an ga alamar ƙyanƙyasa. Duba jikin kwalbar, in mai kashi 6 ne ka raba biyu. In shi ma babu, busasshen ganyen almon, bishiyar nan mai faffaɗan ganye da yara ke fasa 'ya'yanta, a wanke rabin ganye a jefa. Bai kai magani ƙarfi ba amma yana rage fumfuna. Rufe kwalbar da kwali ta zauna a inuwa.

Ga abin da za ka gani in zafin ruwa na 27 zuwa 28.

Bayan kwana ɗaya, wasu ƙwai za su yi fari kamar alli. Waɗannan matattu ne. Goma ko ashirin cikin ɗari ba komai ba ne. In ka ga farin ya fara fitar da gashi kamar auduga, fumfuna ce, kuma tana kama na kusa da ita. Sa bakin sirinji ko tsinken sakace ka ture shi a hankali. Wanda ke tsakiyar masu rai, in cire shi zai fasa na gefe, ƙyale shi, maganin zai tsare. Na ga mutane sun kashe ƙwai hamsin garin cire biyar.

Wajen awa 60, wato kwana biyu da rabi, za ka ga tayil ɗin kamar yana rawa. Jela ce ta fito, kowane ɗa na manne da wani siririn zare mai yauƙi daga kansa, yana mutsu-mutsu. Wasu za su zubo ƙasa su dunƙule wuri ɗaya, ba laifi, in dai gindin kwalbar tsaf yake. Daga yau ka fara canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan kullum, da ruwan duro mai zafi ɗaya, kana zuƙe ɓawon ƙwai da matattu da siririn tiyo. Zuƙa cikin farin kwano don in ka ja mai rai ka gan shi ka mayar. Shuɗin zai yi ta raguwa, kada ka ƙara.

Kada ka ba su abinci a waɗannan kwanakin. Kowannensu na ɗauke da guzurinsa, wani ɗan ƙunshin gwaiduwa a ciki, bakinsu ma bai buɗe ba. Duk abin da ka zuba ruɓewa zai yi ya kashe su. A rana ta huɗu ko ta biyar idanu za su fito baƙi ƙirin. A ta bakwai, wani lokaci ta takwas in da sanyi, sai su saki su tashi gaba ɗaya kamar gajimaren sauro.

A watannin zafi, Fabrairu zuwa Afrilu, ɗaki mai rufin kwano na iya kai ruwan kwalba 31 ko fiye. Iskar cikin ruwa na raguwa, fumfuna na sauri. Sauke kwalbar ƙasa kan siminti, ko ka zaunar da ita cikin baho mai ruwa. Da sanyi kuma ka rataye ta cikin tankin iyaye ta sha ɗuminsa.

Mataki na 7: In an ɗauke wuta

Ƙwan da ke kwalba ba shi da uwa, famfon nan ne uwarsa. Awa kaɗan na tsayuwar ruwa cikin zafi sun isa su mayar da tayil fari. Na taɓa rasa ƙwai sama da ɗari huɗu a dare ɗaya saboda fawa bank ɗin da na dogara da shi ba a cike yake ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Tun daga ranar, duk kwalbar ƙwai a kan famfo mai batir take zama dare da rana, ko da wuta ko babu, kuma ina da fawa bank na biyu a cike.

In komai ya ƙare maka, juye su cikin faffaɗan baho, ruwa ya ɗan rufe tayil, ka riƙa ɗiban ruwan da kofi kana tsiyayawa a gefe kowane minti ashirin. Wahala ce, amma tana kai su safiya.

Ka ɗora famfon lantarki sama da bakin ruwa, ko ka sa masa ɗan bawul mai hana komawa, domin in wuta ta tafi ruwa kan biyo tiyo ya shiga famfon ya malale ɗaki. Kuma ka tuna duk iskar da ke ɗakin ita famfon ke turawa cikin ruwa. Hayaƙin janareto, maganin sauro na feshi ko na ƙonawa, fiya-fiya, har turaren wuta mai yawa, duk suna shiga. In dole a yi feshi, fitar da kwalbar, ka kashe famfon tanki ka rufe shi da jiƙaƙƙen zane har warin ya fita.

Mataki na 8: Abincin farko

A rana ta shida ka kafa atimiya. Wurin saye ka yi hattara: masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun fi amfani da wadda aka cire wa ɓawo, da yawanta ba ta ƙyanƙyashewa, 'ya'yan enjel kuwa abin da ke motsi suke bi. Ka ce mai ƙyanƙyashewa kake so.

Yanke gindin gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ka kife ta murfi a ƙasa. Zuba ruwa lita 1, gishiri giram 25 zuwa 30, wato kamar babban cokali ɗaya da rabi, da rabin ƙaramin cokali na ƙwan. Tura tiyon iska har ƙasa ya riƙa tafarfasa su. A zafin Legas awa 24 ta isa. Cire iskar ka jira minti goma: ɓawo zai taso sama, jajayen 'ya'yan su taru ƙasa, musamman in ka haska musu tocila a wurin. Zuƙo su, tace a hankici mai tsabta, ɗauraye da ruwan daɗi, sannan ka ba kifi. Kada ɓawon ya bi, yana toshe musu ciki. Yi gora biyu, ɗaya ta safe ɗaya ta yamma, domin atimiyar da ta kwana ta rage amfani.

Sai sun tashi iyo sosai za ka ba su na farko. Ni da lokutan salla nake auna nawa: bayan Asuba, Azahar, La'asar, sai bayan Isha. Kaɗan-kaɗan. Bayan minti goma ka duba cikinsu, in ya yi ja ya kumbura kamar kan allura mai ado, sun ci. Kowane dare ka zuƙe ragowar da ta mutu a ƙasa.

In atimiya ta gagara, dafaffiyar gwaiduwar ƙwai ce mafita ta ƙarshe. Ɗauki kamar ƙwayar shinkafa, ƙulle a ƙyalle, ka kaɗa a ruwan sau ɗaya ko biyu. Tana ɓata ruwa matuƙa, sai ka canza rabi bayan awa ɗaya, kuma ka sani waɗanda za su rayu ba za su kai na atimiya yawa ba. Wanda ya samu irin ƙananan tsutsotsin nan da ake rainawa a kan dafaffen ots, hatsin nan na kunun Turawa, daga wurin wani mai kiwo, sun fi gwaiduwa nesa ba kusa ba.

Mataki na 9: Girma

Kwana biyu ko uku bayan sun fara ci, mayar da su tanki mai lita 40 zuwa 60 mai nunannen soso, ruwa rabi, kana ƙarawa a hankali. Juye su za ka yi da ruwansu, ban da raga. In ka ga wasu na jan ciki a ƙasa sun kasa tashi, yawanci dattin gindi ne ya jawo, ka ƙara tsabta.

A sati na biyu zuwa na uku fiffiken sama da na ƙasa za su fara miƙewa, su fara kama da iyayensu. Daga sati na huɗu ka fara haɗa musu da busasshen abinci da ka murje ya zama gari, kana rage atimiya sannu a hankali. Cunkoso shi ne abokin gaba a nan: 'ya'ya ɗari biyu a lita 60 za su tsumbure, fiffikensu ya lanƙwashe, kuma ba ya miƙewa daga baya. Raba su tanki biyu ko uku, ko manyan robobi masu faɗi, kana canza kashi ɗaya cikin uku na ruwa kullum ko bayan kwana biyu. Ware manya daga ƙanana duk sati don kada su danne su wurin ci. Masu karkataccen baya ko guntun fiffike kada ka sayar wa mai niyyar kiwo, kada kuma ka zuba kowane irin kifin ado a kwata ko lagun.

Tsakanin sati takwas da goma sha biyu jikinsu zai kai faɗin murfin kwalbar lemo, a nan masu shago ke karɓa. Ka yi magana da su tun 'ya'yan na wata ɗaya, ka kuma ware shida mafi kyawun siffa ka ajiye wa kanka.

Iyayen kuwa, in kana karɓe ƙwansu, za su sake yi cikin kwana bakwai zuwa sha huɗu. Kada kwaɗayi ya ja ka. Bayan zubi uku ko huɗu a jere, cire tayil ɗin, ka raba su da gilashi ko raga a tsakiyar tanki yadda suna ganin juna, ka ciyar da uwar da kyau na wata guda kafin ka mayar musu da shi.